Suame Magazine: Yadda Kanikawa da Maƙeran Kumasi Suka Gina Garin Ƙarfe

1/ Zaren yau na tarihi ne, tarihin baƙin mai da walda da guduma. Zan ba ku labarin Suame Magazine da ke Kumasi a ƙasar Ghana, ɗaya daga cikin manyan matattarar kanikawa da maƙera a duk faɗin Afirka. Zaren na da ɗan tsawo, ku gyara zama. 🧵

2/ Ga tambayar da ta sa na ɗauko shi: me ya sa masu sana'ar ƙarfe suke cunkushewa wuri ɗaya? Da hankali za a bi, ai gudun kishiya za ka yi, ka buɗe shago inda kai kaɗai ne. Amma ku duba Panteka a Kaduna, Ƙofar Ruwa a Kano, Katako a Yamai. Mai walda na jikin mai walda. Suame ta amsa wannan tambayar, ta kuma nuna inda amsar ta tsaya.

3/ Mu fara da sunan. Wannan Magazine ɗin ba mujalla ba ce. A Turancin soja, kalmar na nufin ɗakin ajiye makamai da albarushi. Turawan mulkin mallaka suna da irin wannan ma'ajiya a Kumasi, kuma a gefenta kanikawan farko suka fara taruwa. Ma'ajiyar ta tafi tuntuni, sunan ya zauna. Yau idan ka ce Magazine a Kumasi, garejin mota kowa zai nuna maka.

4/ Amma ƙira ta girmi mota a garin. Tun kafin Turawa, Asante na da maƙeran zinariya, da masu zubin tagulla da ke yin ƙananan ma'aunai na awon garin zinariya, tunda shi ne kuɗinsu. Ga kuma maƙeran baƙi masu yin adda da fartanya da gyaran bindiga. Yaro ya zauna shekaru gaban ubangida yana jan zugazugi kafin a ba shi masaba, wannan tsohuwar al'ada ce a can.

5/ Na biyu, Kumasi mahaɗar hanyoyi ce. Goron da fataken Hausa suke zuwa saye a Gwanja, daga dazukan Asante yake fitowa. Salaga ce babbar kasuwar, har yaƙin basasa ya tarwatsa ta a 1892. Daga nan 'yan kasuwa suka watsu, kuma bayan Turawa sun ci Asante da yawa suka sauka Kumasi. Har gobe Hausa ake yi a zangunan garin, irin su Aboabo da Asawase.

6/ Turawan Ingila sun kama Sarkin Asante Prempeh na Ɗaya a 1896. A 1900 Yaa Asantewaa ta ja yaƙi aka yi wa sansaninsu na Kumasi ƙawanya, aka ci su, a farkon 1902 Asante ta koma ƙarƙashin Ingila gaba ɗaya. Kumasi ta zama garin bariki. Sojojin da Turawan suka yi aiki da su, da yawa masu jin Hausa ne, da Hausa ma ake ba da umarni a rundunar.

7/ Sai abubuwa biyu suka zo a jere. Jirgin ƙasa daga Sekondi ya iso Kumasi a 1903, na Accra ya iso a 1923. Sannan koko. Zuwa 1911 Gold Coast, wato Ghana ta yanzu, ita ce kan gaba a duniya wajen fitar da koko. Kuma ba gonakin Turawa ba ne, manoma ne 'yan ƙasa, kuɗi na shiga hannun talaka.

8/ Ku lura da wannan, don shi ne tushen komai. Dogo a Kumasi ya tsaya. Bai wuce arewa zuwa Tamale ba, har yau ma bai je ba. Buhunan koko da yawa sai an kawo su Kumasi kafin su hau jirgi, kayan da jirgi ya sauke kuma sai an kai su ƙauye da arewa. Da farko a kai ake ɗauka. Daga shekarun 1920 mota ta karɓi aikin.

9/ Motocin nan ba a kammale suke zuwa ba. Inji da shasi ake kawowa, kafintocin gida su ɗora bodin katako da bencina. Hanya kuwa jar ƙasa ce, ga ruwan sama, ga lodi fiye da ƙima. Sifirin ya karye, lagireto ya fashe, giya ta ƙi shiga. Kayan gyara kuma sai sun keto teku daga Ingila. Direba ba zai zauna wata biyu yana jiran jirgin ruwa ba.

10/ To nan maƙeri ya haɗu da mota. Mutumin da ya iya dukan adda zai iya dukan sifirin. Waɗanda suka koyi kanikanci a garejin kamfanonin Turawa da ma'aikatar ayyuka ta gwamnati suka fara ɓallewa suna cin gashin kansu. A shekarun 1930 irin waɗannan mutane suka fara kafa rumfuna a filin tsohuwar ma'ajiyar makamai. Magazine ta farko kenan.

11/ Gari ya bunƙasa, filin ya zama tsakiyar birni, hukuma ta buƙaci wurin, aka tashe su. Suka koma Suame, wadda a lokacin bayan gari ce, suka tafi da sunansu. Tashin da aka yi musu sai ya zama gobarar Titi. Suame na kan hanyar da ta fita Kumasi ta nufi Techiman da Tamale har Wagadugu. Duk motar da za ta arewa ta gabansu za ta wuce.

12/ Ghana ta samu 'yanci ranar 6 ga Maris 1957. Kwame Nkrumah na da babban buri: madatsar ruwa ta Akosombo, tashar jiragen ruwa ta Tema, manyan masana'antu mallakar gwamnati. A wannan tsari, masana'anta na nufin katafaren gini da injina daga waje. Bakanike mai rumfar kwano ba ya cikin lissafi. Sojoji suka kifar da Nkrumah a Fabrairun 1966.

13/ Daga nan tattalin arziki ya fara gangara. Janar Acheampong ya karɓi mulki a 1972, ya ce wasu basussukan waje ba za a biya ba, ya ce ƙasa ta ciyar da kanta. Kuɗin waje ya yi ƙaranci, shigo da kaya sai da lasisi. Hauhawar farashi ta haura kashi 100 cikin 100 a 1977, ta sake a 1981, ta sake a 1983.

14/ Gwamnati ta riƙe sidi a kan 2.75 duk dala ɗaya daga 1978 har 1983, alhali a kasuwar bayan fage ta ninka haka sau da yawa. Manyan masana'antu da suka dogara da kayan waje suka koma aikin rabi da rabi, wasu suka rufe. Sabuwar mota ta zama labari. Kayan gyara suka ɓace daga kantuna.

15/ Faɗuwar wani tashin wani. A wannan ƙuncin Suame ta yi girman da aka san ta da shi. Ƙasa ba za ta daina motsi ba don babu dala, dole tsohuwar mota ta ci gaba da tafiya. Sai aka koma yanka mota uku a tayar da ɗaya, a ɗora injin wannan kamfani a jikin motar wancan, a yi noti da ƙusa da bushin da hannu.

16/ Daga gyara aka tsallaka zuwa ƙira. Bodin manyan motoci, tirela, baro, murhun gawayi, injin niƙa, injin gurza rogo, injin matse manja. Mai gyaran mota ya gano cewa injin da ke sassaƙa ƙarfe bai san bambancin ƙarfen mota da na injin niƙa ba. Manomi da mai niƙa suka zama kwastomomi kamar direba.

17/ Nan wani abu ya faru da ba kasafai ake gani a Afirka ba: jami'a ta sauko kasuwa. Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Kumasi, wadda yanzu ake kira KNUST, ta kafa wata cibiya a 1972 mai suna TCC, aikinta kai ilimin injiniya ga ƙananan masu sana'a. Wani injiniya ɗan Ingila, John Powell, ya daɗe yana jagorantarta.

18/ Suka fahimci bakanike ba zai bar shagonsa ya zo harabar jami'a ba. A 1980 sai suka buɗe reshe a cikin Magazine ɗin kanta, ana kiransa ITTU. Ma'aikata ce mai aiki, ba aji ba. Kana wucewa ka ga inji na juyawa, ka tsaya, ka tambaya, ka kawo yaronka ya koya. Sun kuma taimaka aka shigo da injinan sassaƙa ƙarfe na hannu daga Ingila, aka sayar wa masu shaguna.

19/ Babban abin da ya fita daga nan shi ne zubin baƙin ƙarfe. An nuna musu yadda za su gina tanda, su narkar da mataccen inji, su zuba a ƙasar zubi ya fito wani abu dabam. Kasuwar da ta fi karɓa ita ce farantan nan na cikin injin niƙa da ke murƙushe masara. Da daga waje ake kawo su, sai ga su ana zubawa a Suame.

20/ Ku dubi yadda abin ya yaɗu. Mutum ɗaya ya gina tanda, maƙwabcinsa ya leƙo, yaron da ya yi aiki a wurin ya gama ya gina tasa. Ba a yi taron bita a otal ba. Gwamnati ta ga abin ya yi, a 1987 ta kafa shirin GRATIS don a buɗe irin wannan cibiya a sauran jihohin ƙasar, har da Tamale. Powell ya rubuta littafi guda kan rayuwar waɗannan injiniyoyin kasuwa a 1995.

21/ Shekarar 1983 ta zo wa Ghana da masifa uku. Fari, gobarar daji da ta cinye gonaki, sannan gwamnatin Shagari ta kori baƙin da ba su da takardu, wajen mutum miliyan ɗaya 'yan Ghana suka koma gida. Daga nan jakar Ghana Must Go ta samo suna. Kafin nan, a Nuwamban 1969, gwamnatin Busia ta yi wa baƙi irin haka, 'yan Najeriya da yawa aka kora. Ku riƙe wannan, za mu dawo kansa.

22/ A Afrilun 1983 Rawlings ya rungumi shirin IMF da Bankin Duniya. Aka karya darajar sidi: daga 2.75 ta koma 30 a Oktoban shekarar, zuwa farkon 1986 ta kai 90. Aka buɗe ƙofar shigo da kaya, aka rage ma'aikatan gwamnati. Kusan irin SAP ɗin da Babangida ya kawo mana a 1986.

23/ Wannan ya taɓa Suame ta fuska biyu. Motocin gwanjo da injinan gwanjo daga Turai suka kwararo. Wanda da zai biya a tayar masa da tsohon inji, yanzu sai ya sayi na gwanjo ya ɗora. A lokaci guda, waɗanda aka sallama daga aiki da matasan da ba su samu aiki ba suka cika Magazine. Hannu ya yi yawa, aikin gyara na kowa da kowa ya yi arha.

24/ Waɗanda suka tsaya da ƙafarsu su ne masu inji da ƙwarewa ta musamman: masu zubi, masu sassaƙa, masu gyaran cikin inji. Sai kuma 'yan kasuwa masu sayar da kayan gyara, su ne suka fi kowa samu. Sannu a hankali nauyin wurin ya karkata daga ƙira zuwa saye da sayarwa. Wannan karkatar har yau ita ce damuwar Suame.

25/ Girmanta fa? Ƙiyasin da aka yi a shekarun 2000 ya ce mutum wajen 80,000 ke cin abinci a wurin. Adadin da aka fi ambata yanzu shi ne wajen 200,000, a shaguna kusan 12,000. Ko ka ɗauki ƙaramin ne, ka nemo min masana'antar gwamnati guda a Afirka ta Yamma da ta ɗauki mutum 80,000.

26/ Yanzu mu amsa tambayar farko. Ka ɗauka tirela ta taso daga Tema za ta Wagadugu ko Yamai, inji ya buga a kusa da Kumasi. A Magazine, bakanike zai sauke injin, mai sassaƙa na layin baya, mai kayan gyara na tsallaken hanya, mai walda da mai waya duk tafiyar ƙafa ce. Aikin da zai ci sati biyu a garin da babu kowa, a nan kwana biyu ko uku ne.

27/ Riba ta farko kenan: kwastoma ya san inda zai je. Ba ka buƙatar allo ko talla, sunan wurin ne tallarka. Direba bai san ka ba, amma ya san Magazine. Gara ka samu kaso kaɗan a kasuwar da motoci ke tururuwa, da ka mallaki kasuwar da mota ɗaya ke tsayawa a wata.

28/ Ta biyu: ba sai ka mallaki komai ba. Matashin da ya gama koyo zai fara da akwatin sifana kawai. Abin da ba shi da shi, maƙwabci na da shi, ya biya a yi masa ko ya ara. Shi kuma mai injin sassaƙa ya iya sayen inji mai tsada ne don ya san kanikawa ɗari za su kawo masa aiki. Kowa ya rage jarin da zai zuba saboda kowa na kusa.

29/ Ta uku: ilimi. Yaro zai yi shekara uku zuwa biyar gaban ubangida, ya fara da wankin noti da aike, ya kai ga buɗe inji. A cikin waɗannan shekaru ba shagon ubangidansa kaɗai ya gani ba, aike ya kai shi shago hamsin. Dabara ba ta ɓoyuwa a wurin da bango kwano ne, ƙofa kuma a buɗe take.

30/ Wani masanin tattalin arziki na Ingila, Alfred Marshall, ya bayyana kusan waɗannan dalilai tun 1890, yana kallon garuruwa irin su Sheffield ta masu wuƙa da cokali. A Nairobi ma haka maƙeran Kamukunji suka taru, ana ce musu jua kali, wato zafin rana, don a fili suke aiki. Sai da Shugaba Moi ya ziyarce su a 1985 aka gina musu rumfuna.

31/ To idan taruwa na da wannan albarka, me ya sa bayan kusan shekara 90 Suame ba ta zama garin da ke fitar da injina zuwa ƙasashen duniya ba? Wata malama a Jami'ar Nairobi, Dorothy McCormick, ta yi nazarin matattara shida a Afirka, har da Suame da Kamukunji, ta buga a 1999. Abin da na ɗauka daga aikinta: zama kusa da juna na kawo riba, amma bai isa ya kai ka mataki na gaba ba.

32/ Dalili na farko, abin da ke yaɗa ilimi shi ke kashe ƙirƙira. Ka ɓata wata shida kana gyara fasalin injin gurza rogo, cikin sati biyu mutum goma sun kwafa, suna sayarwa ƙasa da kai da ƙarfe mara kauri. Gasar ta koma ta arha. Mai saye talaka ne, abin da aljihunsa zai ɗauka yake nema. Wa zai sake wahalar da kansa?

33/ Na biyu, awo. Idan da ido da gwaji ake aiki, inji biyu daga shago ɗaya ba za su zama iri ɗaya ba, kayan wannan ba zai shiga wancan ba. Babban kamfani kuwa guda 5,000 yake so, duk girma ɗaya. Masu bincike a KNUST sun ma nuna cewa farantan niƙa na gida na saurin cinyewa, burbushin ƙarfen kuma cikin garin da mutane ke ci yake tafiya.

34/ Na uku, fili da wuta da bashi. Da yawa ba su da takardar mallakar inda suke, banki kuma ba ya karɓar rumfar kwano jingina. Wanda ke tsoron tashi ba zai kafa inji mai nauyi ba. Ga cunkoso, ga baƙin mai na bin ƙasa da magudanan ruwa. A shekarun 2012 zuwa 2016 Ghana ta sha ɗauke wuta da suke kira dumsor. Mai walda ba wuta, zaman kashe wando ne.

35/ Na huɗu, mota da kanta ta canza. Ubangidan da ke gane ciwon inji da kunne, yau an kawo masa mota mai kwamfuta, sai an jona na'ura an karanta. Da yawa cikin manyan ba su yi boko mai zurfi ba, kuma ba za ka koya wa yaro abin da ba ka sani ba. Tsarin koyo gaban ubangida na riƙe tsohon ilimi da kyau, amma sabo sai an shigo da shi daga waje.

36/ Su ma sun san da haka. A 2006 ƙungiyoyin wurin suka haɗu suka kafa SMIDO, ta buɗe wurin koyar da kwamfuta da gyaran motocin zamani. A 2013 suka haɗa hannu da wasu 'yan Holan biyu, Melle Smets da Joost van Onna, suka haɗa mota sukutum cikin mako 12 da kayan da ke cikin Magazine. Sunanta SMATI Turtle, har Holan aka kai ta.

37/ Motar ta nuna hannu akwai. Amma ba ta zama masana'anta ba. Yin guda ɗaya gwaninta ce. Yin dubu iri ɗaya kuwa na buƙatar zane a takarda, awo, jari, da wanda zai tsaya a kan inganci. Duk lokacin da na ga hoton matashi ya ƙera mota ko jirgi ana ta yaɗawa, tambayata ɗaya ce: wa zai yi ta biyu daidai da ta farko?

38/ Ga misalin waɗanda suka tsallake. Sialkot a Pakistan gari ne na ƙananan maƙera masu yin almakashi da kayan tiyata. A 1994 hukumar FDA ta Amurka ta taka wa kayansu birki saboda inganci. Ƙungiyarsu ta tashi, aka kawo masu horarwa, aka samar da wurin gwajin ƙarfe, cikin 'yan shekaru suka dawo kasuwa. Daga baya 'yan kasuwar garin suka gina filin jirgin sama da kuɗinsu, aka buɗe a 2007.

39/ Bambancin a nan yake. Maƙeran Sialkot na da mai saye mai tsauri da ya ce ko ku gyara ko ku rufe, suna kuma da ƙungiyar da ta iya haɗa kuɗi a yi abin da shago ɗaya ba zai iya ba. Ribar zama kusa da juna tana zuwa da kanta ko kana barci. Ribar aiki tare sai an zauna an shirya, an yarda da juna, an cire kuɗi daga aljihu.

40/ Na ce za mu dawo kan 1969 da 1983. A Yunin 2019 rikici ya tashi a Magazine, aka rufe shagunan 'yan Najeriya masu sayar da kayan gyara. Hujjar 'yan kasuwar Ghana ita ce dokar zuba jari ta 2013, wadda ta keɓe ƙananan kasuwanci ga 'yan ƙasa. 'Yan Najeriya kuma suka riƙe yarjejeniyar ECOWAS.

41/ Ni abin da na gani a rikicin nan: ba a kan tanda ko injin sassaƙa aka yi faɗa ba, a kan kanti aka yi. A kan wa zai sayar da kayan da aka ƙera a wata nahiya. Wurin da baƙi da matafiya suka taya ginawa, tun daga fataken goro har direbobin Burkina da Mali da Nijar, ya koma rabon abin da ya rage. Idan ƙira ta ja baya, haka ake ƙarewa.

42/ Me ya shafe mu? An fara ginin kamfanin ƙarafa na Ajaokuta tun 1979, har yau bai kama aikin da aka gina shi dominsa ba. A tsawon wannan lokaci Panteka da Ƙofar Ruwa da Katako ba su rufe ba. Injin niƙan unguwarku, ƙofar gidanku, tukunyar biki, kuskus ɗin suyar gyaɗa, kurar ruwa, ku tambayi inda aka yi su.

43/ Darasin Suame ga hukuma a bayyane yake. Abin da ya ɗaga wurin shi ne ƙaramar ma'aikata da jami'a ta kafa a tsakiyarsu, da injina da aka sa a hannun masu sana'a. Muna da ABU, muna da BUK, muna da Kaduna Poly da ke gari ɗaya da Panteka. Kuma duk gwamnan da zai tashi maƙera, ya tuna abin da ya ceci na Kumasi shi ne sun sauka a bakin babbar hanya, kuma tare suka sauka.

44/ Darasi ga masu sana'ar kuma: ƙungiya ta wuce karɓar kuɗin wata da sasanta rigima. Injin da mutum ɗaya ba zai iya saye ba, mutum 200 za su iya. Na'urar duba motar zamani, wurin gwajin ƙarfe, takardar fili, taransifoma, duk da sunan ƙungiya ake samunsu. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

45/ Ga mu matasa kuma. Mai digirin injiniya na zaune gida yana jiran aiki, ya iya zane da lissafi amma bai taɓa narkar da ƙarfe ba. Ubangida a kasuwa ya shekara 30 yana narkarwa amma ba ya karanta zane. Tsakaninsu kuɗin Keke Napep ne. A Kumasi, lokacin da waɗannan biyun suka haɗu a 1980, sabuwar sana'a ta fito.

46/ Nan zan tsaya. 'Yan uwanmu na Kumasi da Tamale da ke nan, da direbobin da ke bin hanyar Tema, ku ƙara mana da abin da kuka sani. Sauran kuma ku faɗa min: a garinku ina maƙera da kanikawa suka taru, me suke ƙerawa da kansu, me kuma suka daina ƙerawa tun da na waje ya shigo? Allah Ya sa albarka a sana'ar kowa.